Sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Wa Ke Da Ikon Tsare Ɗan'uwanka?

Da yawa daga cikinmu da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan mun san irin wannan kiran: ƙaninka da ke Manawashi a Gombe ya fara surutai, ya daina barci, yanzu har duka yake kai wa. Kai ne mai turo kuɗi, saboda haka kai ake jira ka yanke hukunci. Sau da yawa hukuncin shi ne, "A kai shi gidan mari."

To, doka ta canja. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, mai tushe tun 1916 zamanin Turawa. Tsohuwar ba ruwanta da magani ko yardar majinyaci. Likita ya ba da shaida, majistare ya sa hannu, shi ke nan an kulle mutum.

Sabuwar ta haramta ɗaure majinyaci da sarƙa, ta kuma ba shi haƙƙin a nemi yardarsa. Ba ta hana kwantar da mutum dole ba, amma sai likita ya duba ya tabbatar akwai buƙata, a wurin da aka amince da shi, kuma akwai kwamitin da ake kai ƙorafi gare shi. Wato maganar babban wa ita kaɗai ba ta isa hujjar tsare baligi ba.

Wanda ya tuna samamen Rigasa a Kaduna cikin Satumbar 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutane kusan 300, wasu da mari a ƙafa, ya san dalilin wannan gyara.

Sai dai fa inda gizo ke saƙar: iyalai ba don mugunta suke zuwa gidan mari ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai, wasu ma suna ta ficewa waje. Dokar da ta rufe ƙofar malam ba ta buɗe ta asibiti ba, a ganina rabin aiki ta yi. Ga kuma sashe na 231 na Penal Code da ya mai da yunƙurin kashe kai laifi, abin da ke sa dangi ɓoye mara lafiya.

Idan irin wannan kiran ya zo maka, a fara da sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. In ciwon ya yi tsanani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da na Barnawa a Kaduna.