Juya Agogon Mota: Tauye Mudun Wannan Zamani

Ya 'yan'uwa matasa, yau maganarmu ba a kan fadar mahukunta take ba, a kan aljihunmu take, domin akwai wata ɓarna da ta zauna daram a kasuwar motoci har ta zama kamar ba laifi ba, kuma abin takaicin shi ne hannun da ke aikata ta sau da yawa hannun matashi ne mai Sallah a sahun farko. Ɓarnar ita ce juya agogon mota, wato a mayar da lambar tafiyar da mota ta yi baya, abin da dillalai ke kira rage mileji, don a sayar da tsohuwa da kuɗin budurwa.

Wani ɗan'uwa da muke zama majalisi ɗaya ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya haɗa da abin da ya samu na gado, ya sayi mota 'yar Beljiyam don ya riƙa jigila ya ciyar da iyalinsa. Agogonta na nuna mil dubu saba'in da 'yan kai. Dillali ya rantse masa cewa wata tsohuwa ce ta riƙe ta a Turai, daga gida sai coci. (Wannan tsohuwa dai, in ka zaga kasuwar motoci, za ka tarar kusan rabin motocin nata ne!) Ba a yi wata uku ba mota ta fara shan baƙin mai kamar ruwa, giya ta fara tsalle. Ranar da bakanike ya kwance ta, sai ga 'yar takardar canjin mai manne a jikin ƙofa, wadda aka manta ba a ɓanɓare ba, tana nuna cewa tun kafin motar ta hau jirgin ruwa ta haura mil dubu ɗari da tamanin. Ya koma wurin dillali, aka ce masa ai ciniki ya faɗa, kuma ya gani da idonsa kafin ya biya. Yanzu motar tana jingine a ƙofar gida an ɗora ta kan duwatsu, shi kuma ya koma neman aikin yini.

Yadda ake yin abin ba wani sihiri ba ne. A motocin da, irin su 504 da 505 da kamfanin Fijo ya riƙa haɗawa a Kaduna, agogon 'yan ƙananan ƙafafu ne masu lambobi, waya ce ke juya su daga giyabos. Sai a kwance allon gaban direba a murza su da hannu, shi ya sa mai lura kan ga lambobin ba su daidaita a layi ɗaya ba. Da aka koma agogo mai lantarki mutane suka zaci an huta, ashe sauƙi aka ƙara wa ɓarawo. Lambar tana ajiye ne a wani ɗan ƙaramin ma'adani cikin allon, kuma tun daga 1996 duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tana da wata kafa a ƙasan sitiyari inda ake jona na'urar binciken lafiyar mota. Ta wannan kafa da aka yi don gyara, ta nan ake shiga a goge lamba a rubuta wata, cikin 'yan mintoci, ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Wani kuma allon gaba ɗaya yake cirewa ya sa na wata mota. Akwai ma wanda ba ya taɓa komai, sai dai ya karanta maka mil a matsayin kilomita, alhali mil ɗaya ya fi kilomita ɗaya da rabi, motar da ke nuna mil 100,000 ta ci fiye da kilomita 160,000 ke nan.

Kada wani ya ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a kowace shekara ana sayar da motoci sama da 450,000 da agogon ƙarya a ƙasar, asarar masu saye kuma ta haura dala biliyan ɗaya, duk da cewa sun haramta abin da doka tun 1972, suka ƙara ƙarfafa ta a 1986. A 2018 Majalisar Tarayyar Turai ta bayyana cewa cikin motocin hannu da ake sayarwa a cikin ƙasa ɗaya, kashi 5 zuwa 12 cikin ɗari an taɓa agogonsu, amma da zarar mota ta ƙetare iyaka zuwa wata ƙasa, sai adadin ya tashi zuwa kashi 30 har 50. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. In tsakanin Jamus da Folan, ƙasashen da ke da takardu da kwamfuta da 'yan sanda, abin ya kai haka, to ina ga motar da ta ratsa teku ta sauka a Kwatano ko Ikko, ta bi hannun mutum biyar kafin ta iso Kano ko Kaduna, kowannensu yana neman nasa?

Ita kanta Beljiyam da muke laƙaba wa motocinmu sunanta ta magance matsalar a cikin gidanta. Tun 2006 suka kafa wani tsari da ake kira Car-Pass: duk garejin da ya taɓa mota, ko taya ya canja, sai ya aika da lambar agogonta zuwa rumbu guda, kuma ba ka da ikon sayar wa mutum motar hannu sai ka miƙa masa takardar tarihin nan. Da wannan suka kusan kashe sana'ar a ƙasarsu. A Ingila ana rubuta lambar a duk gwajin shekara da ake yi wa mota, kowa kuma na iya dubawa kyauta. Sun kare mutanensu. Abin da ya tsufa ya gaji kuwa, sai a loda shi a jirgi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka aka kawo su. Mu kuma a nan, da hukumar Kwastan ta fara aiki da lambar shasi a 2022, don ƙididdige kuɗin fito ta yi. Tsarin da ke kanmu ya iya gano shekarar mota in za a karɓi haraji, amma talakan da zai zuba gumin shekara goma a kanta, wannan shi da Allahnsa.

To amma, ya 'yan'uwa, lalacewar tsari ba ta halatta wa kowa cin haram. Mu da muke cewa Musulunci ne mafita, ya kamata mu san cewa Shari'a ta yi hukunci a kan wannan mas'ala tun ba a ƙera ƙafar mota ba. Larabawa suna da wata dabara a kasuwar dabbobi: in mutum zai sayar da taguwa ko akuya, sai ya ɗaure hantsarta kwana biyu ko uku bai tatsa ba, ranar kasuwa mai saye ya ga hantsa ta cika ta batse, ya zaci mai yawan nono ce, ya biya da tsada. Manzon Allah (SAW) ya hana wannan, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (RA), ya kuma ba wanda aka yi wa haka zaɓi bayan ya tatsa ya ga gaskiya: ko ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Malaman Malikiyya suka ce a ba da sa'in daga abincin da ya fi rinjaye a garin. Ku dubi mas'alar da kyau. Mai taguwar bai buɗe baki ya yi ƙarya ba, bai ce tana ba da ƙwarya kaza ba. Alamar da mai saye ke dogaro da ita kawai ya gyara, ya bar ta ta yi masa ƙaryar. Mene ne bambancinsa da wanda ya jona na'ura ya mayar da 200,000 ta koma 80,000, sannan ya harɗe hannu ya ce Alhaji duba da idonka? Babu, sai dai ma na mota ya fi muni, domin hantsa kwana uku take tona asiri, agogo kuwa sai ya yi shekara yana yaudara. Saboda haka maganar nan ta "ciniki ya faɗa" ba ta da gurbi a Shari'a. Wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayarwa.

Haka nan kowa ya san ƙissar tarin abincin da Annabi (SAW) ya cusa hannunsa mai albarka a ciki ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, aka tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, aka kuma yanke cewa mai algus ya fita daga tafarkinmu. Sura guda sukutum, ta 83, an sa mata sunan masu tauye mudu, kuma mutanen Madyana da aka aiko wa Annabi Shu'aibu (AS) tauye ma'auni na cikin manyan laifukan da suka jawo musu halaka. Agogon mota ma'auni ne, da shi ake auna abin da ya rage na ran injin.

Na san hujjojin da ake kawowa, domin na ji su daga bakin waɗanda nake ganin girmansu. Wani ya ce kowa na yi, in ka bar lambar gaskiya motarka za ta shekara a fili ba wanda ya taya. Wannan gaskiya ne ta wani ɓangare, kuma masu saye ma suna da nasu laifin, tunda sai mutum ya zo neman motar da ta shekara goma sha biyar a Amurka, inda mota kan ci sama da mil 10,000 a shekara, ya dage sai mai mil 60,000 yake so. Wanda ya nace sai an yi masa ƙarya zai samu mai yi masa. Amma yawan masu laifi bai taɓa mayar da haram halal ba, in da yana mayarwa da riba ta daɗe da halatta. Wani ya ce ba ni na juya ba, haka na saye ta daga Kwatano. In ba ka sani ba babu laifi a kanka, amma in ka sani, ko ka ga alama ka kau da kai, sannan ka yi rantsuwa a kan lambar, ka zama abokin tarayya.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta yaranmu masu aikin wayarin da kwamfutar mota, waɗanda ke cewa ni aikin hannu aka kawo mini, an biya ni ladana, ban sayar wa kowa komai ba. Ɗan'uwa, wanda ya kawo maka motar nan bai ce ka gyara agogo don ya lalace ba, cewa ya yi ka rage. Ka san dalilin ragewar, ka san akwai wani bawan Allah da ba ka taɓa gani ba wanda zai biya kuɗin wannan minti goma naka da dukiyar marayu ko kuɗin sallamar aiki. Maƙerin da ya ƙera wa ɓarawo mabuɗin gidan maƙwabci yana sane, ba zai ce shi ƙira kawai ya yi ba. Allah Ya ba ka ilmin da dattawan kanikawa ba su da shi, kuma na'urar nan da kake ragewa da ita, ita ce ke iya tona ragin, domin motoci da yawa suna ajiye lambar tafiya a wasu sassan ban da allo, kamar kwamfutar injin ko ta giya. Da za ka zauna a bakin kasuwa a san ka da cewa kai ne mai duba wa masu saye gaskiyar mota a biya ka, da ka ci halal, kuma da ka fi samun ciniki.

Kuma kada a ɗauka asarar ta kuɗi ce kawai. Kamfanonin mota sun tsara lokacin canja kayayyaki ne bisa tafiyar da mota ta yi. Akwai bel ɗin cikin injin da ake so a canja in an yi wajen kilomita 100,000, wanda in ya tsinke ana cikin gudu injin ke mutuwa nan take, a wasu motocin ma ya farfasa kan injin. Akwai kayan ƙafa da na sitiyari da ke gajiya a hankali ba tare da sun yi ƙara ba. Direban da ke ganin 70,000 a gabansa yana zaton yana da sauran lokaci, sai ya cika Sharon ko Golf da fasinja ya hau hanyar Zariya ko ta Gusau. In abin ya faru sai a ce tsautsayi. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ba ta wanke wanda ya goge gargaɗin da hannunsa.

Ga mai shirin saye, kada kunya ta hana ka bincike. Kowace motar zamani tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba ta ɓangaren direba. In motar daga Amurka ta fito, da wannan lamba ana iya ciro tarihinta ta intanet daga kamfanoni irin su Carfax, sau da yawa ma har hotunan ranar da aka yi gwanjonta a Copart suna nan, da agogonta a fili. Ka dubi robar birki da ta totur, ka dubi sitiyari da kujerar direba, domin motar da ba ta yi tafiya ba ba ta cinye waɗannan. Ka leƙa jikin ƙofa da ƙarƙashin bonet ko akwai takardar canjin mai. Ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Sannan ka sa a rubuta lambar agogon a takardar ciniki gaban shaidu biyu, da sharaɗin cewa in ta tabbata an juya za a mayar maka da kuɗinka. Mai gaskiya ba zai ƙi sa hannu ba.

'Yan'uwanmu da ke cikin wannan kasuwa kuwa, dillalai da masu shigo da motoci, ba su da yawan da za su gyara ta gaba ɗaya, amma suna da yawan da za su haɗa kai a san su da abu guda: motar da ke hannunsu lambarta ta gaskiya ce, in kuma an juya ta tun kafin ta iso gare su, su faɗa wa mai saye kafin a yi tayi. Wanda kuma ya riga ya sayar da irin wannan mota yana sane, istigfari kaɗai bai isar masa ba, domin haƙƙin bawa ne. Ya nemi mutumin, ya gaya masa lambar gaskiya don ya san abin da zai canja kafin ya sake ɗaukar iyalinsa a ciki, sannan su zauna su daidaita a kan bambancin kuɗin.