Haƙƙin Wanda Aka Yi wa Fiɗar Rage Ƙiba

Akwai wata fiɗa da likitoci ke yi wa wanda ƙiba ta rinjaya har ta jawo masa ciwon sukari da hawan jini. Tun cikin shekarun 1950 aka soma ta. Irin wadda aka fi yi yanzu ita ce a yanke wajen kashi 3 cikin 4 na tumbin mutum, a bar masa ɗan siriri kamar ayaba. Waɗansu masu hali sukan tafi Masar ko Indiya a yi musu.

To, aikin wuƙa na sa'a ɗaya ne ko biyu, kiyayewa kuwa har ƙarshen rai. Makonni 2 na fari sai ruwa-ruwa, sa'an nan abu mai laushi. Ba a gama ci da sha lokaci guda. Zaƙi da maiƙo sukan kawo jiri da zufa da gudawa. Ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi ba a barinsu. Lalle ne a fassara wa uwargida wannan da Hausa, domin ita ce mai tukunya.

Amma abin da ya fi ciwo daga bakin mutane yake fitowa. A Malam Madori da Haɗeja, kamar sauran ƙasar Hausa, ƙiba shaidar wadata ce. Attajiri ya komo, riga ta yi masa yawa, sai kasuwa ta ɗauka: wannan ya ce karayar arziki ce, wancan ya ce sammu, wani ya raɗa cutar da ba a faɗi. A zaure kuma an kawo akushin tuwo da miyar kifi, ya yi loma uku ya tsame hannu, abokan ciyayya su ce raini ne. Daga nan sai ya daina fitowa, baƙin ciki ya tarad da shi a ɗaka. Likitoci sun san wannan damuwa, tana da magani, kuma ba raunin imani ba ce.

Nan aikin malamai yake. Su faɗa a wa'azi cewa tattauna ramar mutum a bayan idonsa giba ce. Su tuna wa majinyaci cewa shari'a ta yarje masa ya sha azumi in yana tsoron cutuwa, ya biya daga baya, kuma ya tambayi likitansa tun Ramalana bai kama ba. Maƙwabta kuwa su je gaishe shi, su zauna su yi hira, a zuba masa a ƙaramar tasa, kada kowa ya ce masa "ƙara loma."

Haza wasalam.