Wasannin bidiyo da lafiyar yara a Dangoma da kewaye

Wasannin bidiyo, waɗanda yara suka fi kira gem, su ne wasannin da ake yi a fuskar waya ko kwamfuta, ko a talabijin da aka jona wa na'ura irin su PlayStation. Tun shekarun 1990 ake muhawara a duniya kan ko waɗannan wasanni suna sa yara ƙibar da ta wuce ƙima, da kuma ko suna koya musu zafin rai da faɗa. Muhawarar ta faro ne daga Amurka da Turai, amma yaɗuwar wayar hannu ta kawo ta har garuruwan karkara na Arewacin Najeriya, irin su Dangoma da ke ƙaramar hukumar Kalgo, cikin masarautar Gwandu a Jihar Kebbi. Binciken da aka yi zuwa yanzu ya nuna cewa tasirin wasannin kan ƙiba da zafin rai ƙarami ne. A yankin da rashin abinci mai gina jiki ya fi ƙiba damun yara, illar da ta fi kusa ita ce wadda ta shafi barci, kuɗi da karatu.

Yadda wasannin suka iso yankin

Kalgo tana maƙwabtaka da Birnin Kebbi, babban birnin jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Akasarin mutanen yankin manoma ne da makiyaya, kuma shinkafa, gero da dawa su ne manyan amfanin gonarsu. Kusancin yankin da babban birni, da kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a shekarar 2013, wadda mazauninta na dindindin yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, sun sa abin da ya shigo birni ba ya daɗewa bai isa ƙauyukan kewaye ba.

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a shekarar 2001, kuma wasan maciji na wayoyin Nokia shi ne gem na farko da mutane da yawa suka taɓa yi. Daga baya aka samu gidajen gem a birane da manyan garuruwan Arewa, inda mai shago ke ajiye talabijin da PlayStation da janareta, yara su biya kuɗi su buga wasan ƙwallon ƙafa, ko wasannin faɗa irin su Mortal Kombat da Grand Theft Auto. Sauyin da ya fi girma ya zo ne da wayoyin Android masu sauƙin kuɗi. Wasanni kamar Candy Crush Saga da Subway Surfers, waɗanda suka fito a 2012, da Free Fire na 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty: Mobile na 2019, duk ana sauke su kyauta. A karkara yaro ba kasafai yake da wayar kansa ba, yakan ari ta yayansa ko ta mahaifiyarsa, kuma ƙarancin lantarki da kuɗin caji da na data su ke kayyade tsawon wasansa.

Batun ƙiba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 suna da nauyin da ya wuce ƙima, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibarsu ta kai matsayin cuta. Adadin ya tashi daga kashi 8 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 20 a 2022. Da yake wannan ƙari ya zo daidai da lokacin bunƙasar talabijin da kwamfuta da waya, mutane da yawa suka ɗora laifin a kansu.

Masana sun kawo hanyoyi uku da zama gaban na'ura zai iya ƙara nauyi: yana cinye lokacin guje-guje, yana sa ciye-ciye ba tare da yunwa ba, kuma yana rage barci, wanda ƙarancinsa ke ƙara son abinci. A shekarar 1999 Thomas Robinson na Jami'ar Stanford ya wallafa gwajin da ya yi da ɗaliban firamare a San Jose ta Jihar Kalifoniya. Yaran da aka taimaka wa suka rage kallon talabijin da bidiyo da gem ba su ƙara nauyi kamar takwarorinsu ba. Sai dai gwajin ya haɗa talabijin da gem wuri guda, don haka bai ware kason kowanne ba.

Da aka ware gem shi kaɗai, alaƙar sai ta yi rauni. A shekarar 2019 Caroline Marker da Timo Gnambs da Markus Appel suka tattara bincike 20 da suka shafi mutum kimanin 38,000. Sun gano 'yar ƙaramar alaƙa tsakanin wasan bidiyo da nauyin jiki, kuma alaƙar ta bayyana ne ga manya, ba ta fito fili ga yara da matasa ba. Wani dalili da ake bayarwa shi ne hannun mai buga gem ba ya zama banza kamar na mai kallon talabijin, sannan ba ya cin karo da tallan kayan zaƙi da yawa irin na talabijin.

Halin da yaran Kebbi suke ciki

Ƙididdigar lafiya da yawan jama'a ta Najeriya ta shekarar 2018 ta nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, yayin da kashi 2 kacal suke da nauyin da ya wuce ƙima. A Jihar Kebbi tsumburewar ta kai kashi 66, adadi mafi girma a ƙasar a wancan lokaci. Ma'ana, cikin kowane yara uku, biyu ba su samu abincin da zai gina jikinsu yadda ya kamata ba.

Rayuwar yau da kullum ta yaron karkara ma ta bambanta da ta yaran da aka yi yawancin binciken a kansu. Yana zuwa makarantar boko da Islamiyya a ƙafa, yana ɗebo ruwa, yana kiwo, yana taya aikin gona da damina, kuma da yamma akwai ƙwallo da langa da kokawa, 'yan mata kuma su yi gaɗa da carafke. Awa ɗaya ta motsa jiki a rana, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 ga masu shekara 5 zuwa 17, ba abu ne mai wuya ga irin wannan yaro ba.

Duk da haka ƙiba ba ta yi nisa da yankin ba. A gidajen masu hali na birane, inda ake kai yaro makaranta a mota, a ba shi lemon kwalba da biskit da taliyar leda, sannan a bar shi a ɗaki da waya saboda zafi ko tsoron rashin tsaro, matsalar ta fara bayyana. Masana abinci sun kuma yi gargaɗi cewa yaron da ya yi fama da rashin abinci a farkon rayuwarsa, idan daga baya ya koma cin mai da sukari ba tare da motsa jiki ba, yana cikin haɗarin ƙiba da ciwon sukari da hawan jini idan ya girma. Saboda haka gari ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya, zai iya ɗauke da tamowa da ƙiba a lokaci guda.

Batun zafin rai da faɗa

A shekarar 1993 Majalisar Dattawan Amurka ta yi zaman jin ra'ayi kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat, abin da ya kai ga kafa hukumar ESRB a 1994 don nuna shekarun da kowane wasa ya dace da su. Turai ta kafa nata tsarin mai suna PEGI a 2003.

Masana halayyar ɗan Adam sun kasu gida biyu. Craig Anderson da abokan aikinsa sun wallafa babban nazari a 2010 da ya nuna cewa wasannin faɗa suna ƙara tunani da ɗabi'ar tsokana, suna kuma rage tausayi. Christopher Ferguson da wasu sun soki wannan matsayi. Sun ce tasirin ƙarami ne ƙwarai, kuma yadda ake auna zafin rai a ɗakin gwaji, kamar ba mutum damar sakar wa abokin karawarsa ƙara mai ƙarfi a kunne, ya yi nisa da faɗa na gaske. Sun kuma nuna cewa yaron da dama mai zafin rai ne zai fi zaɓar wasan faɗa, don haka ganin abubuwan biyu tare bai tabbatar da wanda ya haifi wani ba.

A shekarar 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara wasannin faɗa, inda ta ce hujjojin da aka gabatar ba su tabbatar da cewa wasannin ne ke sa yara tashin hankali ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta amince a 2015 cewa akwai alaƙa da ƙananan ɗabi'un tsokana, amma a 2020 ta bayyana cewa babu isasshiyar hujjar ɗora wa wasannin alhakin manyan laifukan tashin hankali. Binciken Andrew Przybylski da Netta Weinstein na 2019, kan matasan Birtaniya kimanin 1,000 masu shekara 14 da 15, bai samu alaƙa ba ko kaɗan. Haka nan Japan da Koriya ta Kudu, inda ake buga gem sosai, suna cikin ƙasashen da kisan kai ya yi ƙaranci.

Wasu bincike sun nuna cewa gasa da takaicin shan kaye su ne ke tayar da hankalin mai wasa, ko da wasan babu jini a cikinsa. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani a gidajen gem da gidajen kallon ƙwallo, inda cacar baki ke tashi saboda an ci mutum ko an tsallake layinsa. Al'adar Hausawa ta daɗe da sanin wannan, shi ya sa dambe da kokawa suke da dattawa da alƙalai masu raba faɗa.

Tashin hankalin da ya shafi yaran Kebbi kai tsaye yana da wasu tushe na daban. Sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, da harin Lakurawa a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, sun samo asali ne daga yaɗuwar makamai da raunin tsaro a yankunan kan iyaka da dazuzzuka. Ga faɗan da ke tsakanin yara kuwa, abubuwan da bincike ya fi dangantawa da shi su ne duka da rikici a gida, miyagun abokai, shaye-shaye da barin makaranta.

Jaraba, barci da kuɗi

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Alamominta uku ne: mutum ya kasa kame kansa daga wasan, ya fifita shi kan sauran harkokinsa, ya kuma ci gaba da yi duk da cutarwar da yake gani, yawanci na tsawon wata 12. Hukumar ta ce kaɗan ne cikin masu wasa ke kai wa wannan mataki.

Kafin a kai nan akwai illolin da suka fi yawa. Masana barci sun ce mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi kuma awa 8 zuwa 10. Yaron da ke tashi sallar asuba da karatun allo, idan ya raba dare yana gem, zai yi gyangyaɗi a aji, kuma ransa zai riƙa saurin ɓaci. Akwai kuma kuɗin data da na caji da na sayen kaya a cikin wasan, waɗanda kan fito daga kuɗin tara ko na aike. Wasannin da ake bugawa ta intanet suna haɗa yaro da baƙin da iyayensa ba su sani ba.

Haɗari mafi girma ga aljihu shi ne kusancin gem da caca. Shagunan cacar wasanni suna da ƙwallon kwamfuta mai kama da gem, wanda ake zuba wa kuɗi a ga sakamako cikin 'yan mintoci. A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama, kuma a watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci cewa jihohi ne ke da hurumin tsara harkar caca a yankunansu. Wannan ya mayar da alhakin kare yara daga gare ta kan gwamnatocin jihohi, har da ta Kebbi.

Matakan da ake ɗauka

Ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu, tun daga 2021. Koriya ta Kudu ta hana yara wasa da tsakar dare a 2011, amma ta soke dokar a 2021. Irin waɗannan dokoki sun dogara ne da rajistar kowane mai wasa da sunansa, abin da ke da wuya inda yara da yawa ke amfani da waya ɗaya.

Don haka nauyin ya fi komawa kan iyaye da malamai da masu unguwanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ga manyan yara, ana ba da shawarar karɓe waya kafin barci, da duba lambar shekarun da ke kan wasa, wato 3, 7, 12, 16 ko 18, da kuma hana gidajen gem karɓar ɗalibai a lokutan makaranta. A gari irin Dangoma, kiyaye filayen wasan yara da kula da abincinsu a kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, su ne matakan da suka fi tasiri ga lafiyarsu a gaba.