Sharhi: Rufe ƙofa ta 25 daidai ne, yin shiru a kai ne kuskure

Mai shagon kwamfuta a Kazaure ko Babura na iya wayar gari na'urar sikan ɗinsa ta daina tura takardu ta imel, alhali WhatsApp na shiga, YouTube na buɗewa. Ɗalibin da ya biya kuɗin mota daga Kanya Babba don aika takardunsa sai ya koma gida hannu rabbana, kowa na zagin netwok. Wani lokaci netwok ba shi da laifi, kamfanin intanet ne ya rufe wata ƙofa da gangan.

Saƙon imel yana fita ne ta ƙofofi masu lamba. Ta 25 ita ce tsohuwa, tun tsarin imel na 1982, lokacin da ba a tambayar mai aikawa wata shaida. Nan 'yan damfara suka samu lago: su sa wa kwamfutar bawan Allah cuta, ta riƙa watsa dubban saƙonnin banza bai sani ba. Shi ya sa kamfanin Comcast na Amurka ya fara toshe ta a 2004, Google Cloud ma bai barin a fita ta nan.

Matakin ya dace, musamman a ƙasar da 419 ya riga ya ɓata wa suna. Ƙungiyoyi irin su Spamhaus na sanya adireshin intanet da saƙon banza ke fitowa daga gare shi a baƙin littafi, kuma tunda masu layi da yawa kan yi tarayya a adireshi ɗaya, laifin wani kan shafi makaranta ko ƙaramin kamfanin da bai ji ba bai gani ba.

Mai manhajar Gmail a waya ya kwantar da hankalinsa, toshewar ba ta taɓa shi. Mai shago ma gyaransa na mintuna ne: ya koma ƙofa ta 587, wadda ke neman suna da kalmar sirri. To amma wa ya gaya masa?

A 2016 hukumar NCC ta fito da lambar 2442 don dakatar da saƙonnin talla a waya, aka kuma yayata ta. Haka ya kamata ta tilasta wa duk kamfanin da ya rufe ƙofa ya sanar da kwastomominsa, da Hausa ma, ya kuma buɗe wa mai halastacciyar buƙata idan ya nema.