Filin ƙwallo ba ya ciyar da gari, shagunan gefensa ke ciyarwa

1/ Jama'a ku matso, yau zan sosa wa wasu inda ba ya musu ƙaiƙayi. Tunda aka ɗauko maganar sake gina filin wasa na Sardauna a Gusau nake ganin samari na rubuta "Zamfara ta zama Landan". Ni ɗan Bilbis ne, cajin waya nake yi a Gusau, kuma ina da ja.

2/ Kafin a ce ɗan adawa ne: ina son filin. Jihar da aka ƙirƙira tun 1996 ta cancanci wurin da yaranta za su taka leda ba kunya. Da masu cewa filin shi kaɗai zai kawo arziki nake rigima. Wallahi ba zai kawo ba.

3/ Mu yi lissafi. Babbar gasar ƙwallon Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, kowace na buga wasa 19 a gida. Ko da Zamfara United na cikinta, kwana 19 ke nan cikin 365. Sauran kwana 346 fa? Maigadi da ƙadangaru.

4/ Ku duba Abuja. An gina filin ƙasa don wasannin Afirka na 2003, kujera kusan dubu 60, a bakin gari tsakanin manyan tituna, ba kasuwa ba unguwa a jikinsa. Har ciyawarsa ta mutu, sai da Dangote ya sa kuɗi aka gyara. Kuɗin Abuja bai hana haka ba, balle mu.

5/ Ba mu kaɗai ba ne. Filin da Brazil ta gina a babban birninta don kofin duniya na 2014, daga baya harabarsa ta zama wurin ajiye motocin bas.

6/ To me ke kawo kuɗin? Ni na gani da idona a gidan kallon da nake caji a ƙofarsa. Mai gidan na samu ranar wasa kawai. Amma mai shayi, mai tsire, mai aski, 'yan acaɓa da ni, kullum muna nan, don wurin ya zama matattara. Ƙwallo ce ta tara mutane, mu muka riƙe su.

7/ 'Yan Arsenal, wannan naku ne. Da kuka tashi daga Highbury a 2006, gidajen kwana aka mayar da tsohon filin. Tottenham kuwa, a filin da ta buɗe a 2019 ana dambe, ana waƙa, ana ƙwallon Amurka. Turawan da suka fi mu kuɗi ma ba su yarda gini ya yi barci ba.

8/ Kusa da mu, filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a tsakiyar Kano yake, ga Kantin Kwari nan kusa. Ko Pillars ba su da wasa, unguwar ba ta mutuwa, don ciniki ke raya ta.

9/ Amma Kano ɗin ta ba mu wani darasi mai ɗaci. Shagunan da aka gina a Filin Idi, gwamnatin da ta zo a 2023 ta rushe su, har kotu ta yi umarnin a biya 'yan kasuwar diyyar naira biliyan 30. Ban shiga siyasar Kano ba. Abin lura shi ne, in aka raba filin jama'a ba bisa dokar da kowa ya amince da ita ba, mai ƙaramin jari ne ke kwana a ciki.

10/ Ga inda tsorona yake. Na taɓa cike takardar neman rumfa a wata sabuwar kasuwa, na biya kuɗin fom daga adashina. Da aka fito da sunaye, duk na manya ne da 'ya'yansu. Bayan wata biyu ɗaya daga cikinsu ya aiko yaronsa wai in karɓi haya, ninki biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

11/ Don haka ga abin da nake nema, ba da faɗa ba. A kewaye filin da shaguna masu kallon titi, waɗanda ke buɗe ko an kulle ƙofar shiga. A yi tashar mota, masauki, wurin cin abinci, ɗakin taron biki, da fitilun sola har dare.

12/ A ware kaso na ƙananan rumfuna ga matasa da mata masu sana'a, a raba ta ƙuri'a a bainar jama'a, a liƙa sunaye. Mutum ɗaya, shago ɗaya. Wanda ya ba da nasa haya a ɓoye, a karɓe. Kuɗin hayar kuma ya shiga asusun kula da filin, kada a jira kasafi kafin a shayar da ciyawa.

13/ Wani zai ce, "Malam, muna fama da 'yan bindiga kana zancen shago?" Ai abu ɗaya ne. A 2021 da aka rufe kasuwannin mako-mako aka yanke layin waya, mu masu caji mun san yadda cikinmu ya yi. Saurayin da ke da rumfa yana da abin da zai yi asara, kuma ba shi da sauƙin ja.

14/ Kuma ku tuna, ba na 'yan Gusau kaɗai ba ne. In ɗan Tsafe ko Bilbis na tsoron hanyar Funtuwa bayan la'asar, ɗan Bunguɗu na sauri ya koma gida kafin magariba, wa zai cika kujerun? Wa zai sayi tsiren?

15/ Kada mu tsaya yaɗa hoton gini muna tafi. Ku tambayi ɗan majalisarku: shago nawa ne a tsarin, wa zai samu, ta wace hanya? Ku kira shi a ƙarƙashin wannan zaren. Wanda kuma ke ganin na yi kuskure, bismilla, ya kawo nasa lissafin. Ina nan bakin allon caji har sha ɗaya.