In Laftof Ta Fara Jan Ƙafa, A Fara Kwashe Fayiloli Kafin Gyara

Duk lokacin da 'yan ajin ƙarshe suka duƙufa kan rubutun furojet, kukan da muka fi ji a ɗakunan kwanan ɗalibai shi ne laftof ta yi nauyi. Fayil ɗin da ake kwafa cikin minti ɗaya sai ya ci rabin awa, ko kwafin ya kai tsakiya ya tsaya cak. Yawancinmu sai mu ɗora wa bairos laifi. Amma sau da yawa faifan ajiya ne ya fara lalacewa, kuma ranar da ya mutu zai tafi da babi huɗu na furojet da duk littattafan da aka tara.

Yawancin laftof na hannu da muke saya suna zuwa ne da faifai irin na da, wato HDD. A cikinsa akwai faranti mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura mai karanta bayanai a samansa. Idan wani gurbi na farantin ya lalace, allurar za ta yi ta komawa tana ƙoƙarin karanta shi, shi ya sa saurin kwafi ke faɗuwa zuwa sifili, ya ɗan taso, ya sake faɗuwa. In aka haɗa da ƙarar ƙas-ƙas daga cikin kwamfutar, ko fayilolin da suka ƙi buɗuwa, to lamarin ya yi tsanani.

Matakin farko shi ne kwashe kaya, tun kafin a taɓa kowace manhajar gyara. A fara da abin da ba za a iya samun madadinsa ba: furojet, bayanan da aka tattaro a fili, takardun makaranta. Fina-finai su jira. A zuba su a filas ko a Google Drive, wanda ke ba kowa gigabait 15 kyauta. Dalili shi ne gyara yana sa faifai aiki tuƙuru, kuma faifan da ya kusa mutuwa zai iya ƙarasawa ana cikin gyaran. Idan kuma faifan waje muka jona, Windows ta nemi a yi masa fomat, kada mu yarda, domin hakan zai share hanyar kaiwa ga fayilolin.

Bayan kaya sun tsira, sai a tabbatar ko faifan ne mai laifi. Ramin USB 2.0 ba kasafai yake wuce megabait 30 zuwa 40 a daƙiƙa ba, shi kuwa USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, ya ninka wannan sau da yawa. A canja rami, a canja waya, a gani. Haka kuma ƙananan fayiloli dubu sun fi babban fayil ɗaya jinkiri wajen kwafi, don haka a dunƙule su cikin zip. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a duba Task Manager: idan faifai yana kan kashi 100 alhali ba a aikin komai, akwai abin dubawa.

Daga nan sai a tambayi faifan da kansa. Faifai na da wani tsari da ake kira SMART wanda ke lissafin lafiyarsa, kuma manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna shi da launi: shuɗi lafiya, rawaya hattara, ja ya lalace. Idan shuɗi ne, mai yiwuwa tsarin fayiloli ne ya hargitse, abin da ke faruwa idan batir ya mutu aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu farat ɗaya. A buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa, a rubuta chkdsk C: /f sannan a sake kunna kwamfutar. Umarnin chkdsk C: /r yana bin faifan gurbi-gurbi, yakan ɗauki awoyi, don haka sai an tabbatar da caji.

Idan rawaya ko ja ya nuna, babu manhajar da za ta warkar da farantin da ya lalace. Abin da chkdsk ke yi kawai shi ne ya sa alama a gurbin don a daina amfani da shi. Mafita ita ce a sauya faifai, kuma in da hali a sa SSD, wanda ba shi da komai mai juyawa, kuma yakan kai kusan megabait 500 a daƙiƙa, inda HDD ke tsayawa wajen 100. Kafin mu biya mai gyara, mu sa ya buɗe mana CrystalDiskInfo a kan faifan da zai saka, mu ga launinsa da awoyin da ya yi yana aiki, don kada a ba mu tsoho da sunan sabo.

Sauran kuma kiyayewa ce: kada mu ɗaga laftof muna yawo da ita tana kunne, kada mu ɗora ta a katifa ta toshe mata iska, kada mu fizge filas ana cikin kwafi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka duk wanda furojet ɗinsa ke wuri ɗaya tak, ya kwafe shi zuwa wuri na biyu a daren yau. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, sai mako mai zuwa.