Tsakanin Tatsuniya da Ƙwayar Wasa: Wa Zai Yanke Hukuncin Faɗa?

A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, wadda ruwanta ya mayar da Kura da Bunkure da Garun Malam cibiyar noman rani. A wannan shekarar ce kuma wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan Dungeons & Dragons. Wasan zai iya yi wa adabin baka na Hausa amfani, matuƙar an tace shi.

Mutum ɗaya ne yake ba da labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda. Idan faɗa ya taso, mai labari ba shi da ikon cewa wane ya yi nasara. Sai a jefa ƙwaya mai fuska 20, a haɗa lambar da ta fito da makin ƙarfin jarumi, sannan a gwada da makin sulken abokin gaba. Kowace fuska tana da damar kashi 5 cikin 100, don haka gwani yana iya kuskurewa, rago kuma ya dace.

A tatsuniya ba haka abin yake ba. Daga an ce "ga ta nan, ga ta nanku", makomar Gizo da Ƙoƙi da Dodo tana hannun mai bayarwa, yara kuwa nasu sauraro da amshi. Yaron da ya san ƙarshen labari tun daga farko, ba wuya wayar hannu ta ɗauke masa hankali. In da za a ba shi jarumi, a ce makomarsa tana rataye da abin da ya aikata, da ya zauna har ƙurunƙus.

Ɗan Kura ba baƙon wannan darasi ba ne. Ya san cewa rabon ruwan kwata in babu ƙa'ida, na kusa da bakin ruwa ya sha, na ƙarshe ya tashi da ƙishi. Ya kuma ga manoman da suka yi duk abin da ya kamata, amma tsutsa ta cinye musu tumatir a 2016. Wasan da yake koya wa yaro bin doka da haƙuri da faɗuwa, shiri ne na zaman duniya.

Sai dai akwai hanzari ba gudu ba. Malamai da dama sun hana wasa da ƙwaya ko da ba a sa kuɗi ba, bisa hadisin da ya zo a Sahihu Muslim, iyaye kuma suna ganin ta ƙofar caca ce. Wannan damuwa gaskiya ce, kuma malamin da ya shiga aji da ƙwaya zai rasa amincewar iyaye.

To amma aikin ƙwaya a wasan shi ne ta zama alƙalin da ba ya son kai, Bahaushe kuwa yana da irin waɗannan alƙalai tun tuni. A dara, wanda ya jera 'ya'ya uku shi yake cire ɗan abokin karawarsa. A langa, wanda ya saki ƙafa ya faɗi, komai girman gidansu. Saboda haka, idan Gizo ya gamu da Dodo a labarin aji, sai a raba gardamar da kacici-kacici, ko cike karin magana, ko karin harshe. Wanda ya amsa ya kai sara, wanda ya kasa ya rasa maki. A nan ƙwazo ne ya maye gurbin sa'a, harshe kuma ya samu riba.

Ya kamata ɗalibin da zai fita koyarwar gwaji a Kura ko Bunkure ya jarraba wannan hanya. Allo da alli da tatsuniya ɗaya sun wadatar da shi, muddin ya bayyana dokokin tun kafin a fara, bai kuma sauya su don ceton wani jarumi ba.